Wa ya aiko mai kai yaranmu yawon Lahadi?

Zuwa ga Tanti Haoua,

Don girman Allah ki taimake ni, Tanti, ki kuma rufa mini asiri ki canza sunaye kafin ki buga wannan takarda. Abin da ke cina ba na iya faɗa wa ko maƙwabciyata, don ita ce ma ta fara dasa mini shi a rai. Ni 'yar Damagaram ce, aikin maigidana ya kawo mu Yamai, mushe ne, wato malami, a wata ƙaramar lakwal ta boko. Muna haya a Maourey, irin gidan nan mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, inda kowa ke jin tarin kowa. 'Ya'yanmu uku ne: babbar, wadda kin san ba zan kama sunanta ba, shekararta sha biyu, sai Mutari mai takwas, sai na goye.

Kin san yadda garin yake. Damina ta bara ba ta yi ba, bana ma hadari sai ya haɗu ya watse. Mutanen karkara sun cika bakin gari, mu kanmu tuwon jar dawa muke ci muna godiya. Da, in an rufe lakwal an shiga bakans, mukan tura yara Damagaram wurin kakarsu su sha fura su dawo da kumatu. Bana tsohuwar da kanta ta aiko a gaya mana kada a ƙara mata baki ko ɗaya. Sai suka zauna mini a tsakar gida, daga faɗa sai kuka, sai yunwar gaske da ta ƙarya.

To, akwai wani mutum a layinmu, bari in kira shi Issoufou, yana cikin samariya, ƙungiyar matasan unguwa. Ba yaro ba ne, ya haura arba'in, yana da mata amma Allah bai ba su haihuwa ba. Tun cikin bazara ya tsiro da kai yaran unguwa yawo kowace Lahadi. Da hantsi sai ka ji ƙugin kamiyo, babbar motar kaya, a bakin layi, yara su yi ta tsalle suna hawa. Ya kai su Muze, inda ake ajiye namun daji, sun ga zaki da kura da dorina. Ya kai su ƙarƙashin gada lokacin da kogi ya janye, suka taka yashi a wurin da ko babba ba ya iya tsayawa a da, suka dawo mini da katantanwa cike da aljihu. Ya kai su bayan gari inda ake dasa itatuwa, kowane yaro da gwangwanin ruwansa. Matarsa takan dafa dambu da kopto a babbar tasa a tafi da shi, kuma ba su taɓa neman komai daga hannun iyaye ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, ranar da suka je yawon nan yarana a ƙoshe suke dawowa, bakinsu cike da labari, su yi barci tun kafin in kwashe tuwo. Da farko har addu'a nake yi masa.

Amma Tanti, a wannan zamani wa yake yin abu haka kawai? Halimatou, mutuniyar garin Tawa da ɗakinta ke manne da namu, ita ta fara tambayata muna wanki a bakin famfo. Kamiyon na wane ne? Wa ke zuba masa gazuwal? An ce direba ne a wani buro, wato ofis, amma in kika tambayi wane buro, kowa da nasa. Baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko gari ya yi lumshi. An taɓa ganinsa yana shan shayi da wani mai kaki. In ya doso majalisar maza sai hira ta koma ta ƙwallo da zafin rana. Kin fi ni sanin cewa yanzu akwai waɗanda aikinsu ke nan, su ji su kai. A lakwal ɗin su maigidana bara aka zo aka ɗauke wani mushe daga cikin aji, wai wata magana ya yi a wurin suna. Da aka sako shi sai aka cilla shi can arewa cikin rairayi, matarsa tana nan tana sayar da ƙanƙara da 'ya'ya a gabanta. Duk na gan ta sai gabana ya faɗi.

Abin da ya sa gabana ke faɗuwa shi ne na san wanda nake aure. Mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa da ganganci ba, amma bakinsa ba linzami. Da an sallame magariba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya kamo tashoshin waje masu Hausa, ya yi tsaki, ya bugi cinya, ya riƙa mayar wa rediyo amsa sai ka ce tana jinsa. Ba ya barin buhunan taimako da inda suke kwana, ba ya barin masu kaki. Na yi magana har na gaji. Cewa yake shi a ƙofar ɗakinsa yake, kuma bai faɗi ƙarya ba, kamar wanda aka ɗauke bara ƙarya ya faɗa.

Yanzu ga inda abin ya lalace. Issoufou ya fara koya wa yaran tiyatir, wato wasan kwaikwayo, saboda bikin dashen itace da ke tafe, za su yi a filin samariya gaban manya. Wata Lahadi suna zaune a inuwa cikin Muze, sai ya ce kowane yaro ya fito ya kwaikwayi yadda babansa yake yi in ya dawo gida, wai don ya ga wa ya iya wasa. Wannan ita ce tambayar da ta hana ni sakat: me ya sa uba? Me ya hana ya ce su kwaikwayi kura, ga ta nan a keji gabansu, ko mai ga-ruwa? Ɗan tela ya fito ya taka keke da ƙafa. Ɗan Halimatou ya kwanta ya yi minshari. Shi kuwa Mutari, da Allah ya ba shi kwaikwayo tun yana rarrafe, ya ɗauki gwangwanin madara ya kara a kunne, ya ja tsakin ubansa, ya bugi cinya, ya zazzage komai kalma da kalma. Babbar ce ta ba ni labari. Ta ce yara sun yi ta dariya har da faɗuwa, har wasu manya masu yawo suka tsaya kallo. Ta ce Issoufou bai yi dariya ba. Miƙewa ya yi ya tafa hannu, ya sa aka kama waƙa, ya ce a buɗe tasa a ci abinci, alhali rana ba ta ko take ba.

Daga ranar aka karɓe wa Mutari matsayinsa. Shi ne sarkin noma a wasan, shi ya fi kowa magana, ya haddace tas. Sai aka mai da shi itacen gawo. Zai tsaya a baya da rassa a hannu, ba zai ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Yaron nan ya yi kuka har ya ƙi tuwo, ni kuwa na ce shi ke nan, an yi wa gidanmu alama.

Ban gama da wannan ba, Lahadin da ta biyo sai ga Issoufou ya rako Mutari har ƙofar ɗaki, abin da bai taɓa yi ba. Maigidan ya tafi gaisuwar mutuwa Zongo. Ya miƙo mini wani ɗan ƙulli, ya ce tsarabar Mushe ce, in ba shi hannu da hannu in ce yana gaishe shi. Yana juya baya na kwance. Ɗan abin nan ne na sawa a kunne mai siririyar waya, wanda ake soka wa rediyo mutum ya ji shi kaɗai. Tanti, na zauna a bakin gado da shi a hannu. Mene ne wannan in ba ya gaya mana ya san abin da ake ji a gidanmu ba? Ko ruwa ban ba shi ba, ko godiya ban tuna na yi ba.

Na tura abin can ƙasan jeren kwanonina, yana nan har yau. Ban gaya wa maigidan ba, ba labarin Muze ba, ba na tsarabar ba. Na san halinsa: ko ya kama Mutari da duka, ko ya tafi ƙofar Issoufou ya ƙarasa faɗin wanda yaron ya manta. Kullum suna haɗuwa a hanyar masallaci, su gaisa sama-sama ya wuce. Shi kuwa Issoufou ya tsare ni a bakin layi ya tambaya ko saƙo ya isa, na ce ya isa. Ya sake tambaya wata rana, na sake cewa ya isa. Ya daɗe yana dubana ta cikin tabaran nan kafin ya tafi, kuma tun ranar in na ji tsayuwar mota a layinmu sai in leƙa in ga wa aka zo ɗauka.

Ban zauna haka ba. Na sa babbar ta riƙa lura mini da shi in sun fita: da wa ya yi magana, me ya tambayi yara, ko yana rubuta wani abu. In sun dawo in ja ta ɗaki in tambaye ta. Ba ta kawo mini komai ba tukuna, sai dai yarinyar ta canza. An ce ba ta shiga wasa yanzu, gefe take zama. Duk safiyar Lahadi sai ta ce cikinta na ciwo. Ni ina ganin ta ga wani abu ne take tsoron faɗa mini.

Tanti, ya zan yi? In na hana nawa zuwa su kaɗai, ai na amsa laifi da bakina. In na bar su, kullum ina miƙa wa mutumin nan 'ya'yana ya tatsa. Damagaram babu abinci, tashi daga gidan kuma sai an tambaye mu dalili. In aka ɗauke maigidana ban san inda zan sa kaina da yara uku ba. Ke kina ganin mutane iri-iri, gaya mini, mutumin nan ɗan rahoto ne ko kuwa?

Mai zullumi,
daga Yamai

Amsar Tanti Haoua

'Yar'uwata mai zullumi,

Sannu, Allah ya yaye miki. Na canza sunaye da unguwa yadda kika roƙa, na kuma datse layukan da kika kwafo maganar maigidanki ɗaya bayan ɗaya. Kada ki ƙara rubuta su, ko zuwa ga uwar da ta haife ki.

Ba zan ce miki tsoronki shirme ne ba. Matar da ke sayar da ƙanƙara ba a mafarki kika gan ta ba. Ban san Issoufou ba, ba zan rantse a kansa ba, kuma tambayarki ta me ya sa uba tana da nauyi. Sai dai ki sani duk mai koya wa yara tiyatir daga nan yake farawa, don babu wanda yaro ya fi kallo kamar ubansa. Ki tambayi kowane mushe. Zancen tabarau da shayi da kamiyo kuwa, in da shi ake gane ɗan rahoto, da rabin direbobin Yamai sun shiga, kuma ba yau aka fara ara wa samariya mota ran hutu ba.

Ki bar abin da aka ce, ki dubi abin da ya yi, da bakinki kika faɗa mini. Mai neman abin kaiwa in ya samu yaro yana zuba, barinsa yake ya ƙarasa, ya yi dariya tare da shi, ya ba shi alewa, gobe ya ƙara tambaya. Wannan ya katse zancen da waƙa, ya buɗe tasa tun ba lokaci ba. Ki kuma tuna inda za a yi wasan: filin samariya, gaban manya, da lasifika. Yaro ɗan shekara takwas da ya ɗanɗana dariyar jama'a, kina da tabbacin ba zai sake jawo abin da ya ba su dariya ba? Ni da nake nesa, da na karanta an mai da shi gawo sai da na sauke ajiyar zuciya. Ga kuma tsarabar. Wanda ya yi niyyar kai mutum ba ya zuwa ƙofarsa da rana tsaka ya nuna fuskarsa. Kin kuma san mazanmu, namiji ba ya duban mushe mai iyali ya ce masa ya kama bakinsa. Abu yake aiko masa, ya bar shi ya fahimta, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Mu ɗauka ma kin yi gaskiya, yana da inda yake kai magana. To, ya ji, makonni sun wuce, ba wanda ya zo, shi kuma ya zaɓi ya aiko da gargaɗi. Ko barazana ce ko rufin asiri, saƙon ɗaya ne, kuma ba naki ba ne. Na maigidanki ne. A nan zan yi miki faɗa, ki yi haƙuri. An ba ki amana hannu da hannu kin danne, aka tambaye ki kika ce ta isa. Ki zauna a kujerar Issoufou ki duba: ya ji abin da jinsa kaɗai kan iya jawo wa mutum tambaya, ya rufe, ya aika, an ce an karɓa, ba godiya, rediyo kuma tana nan tana ihu a ƙofar ɗaki. Me zai ɗauka in ba raini ba? Wannan kallon da ya yi miki ta tabarau, ni ina ganin na mamaki ne.

Ba Issoufou ne ya fi damuna ba ma. Manyan da suka tsaya kallo a Muze ba ki san su ba. Gidanku kuma famfo ɗaya ne, duk mai kunne yana jin Mushe kowace magariba ba tare da ya nemi kamiyo ko ya dafa dambu ba. Ba na zargin Halimatou, kada ki sauke wani zargi ki ɗauki wani. Amma hirar bakin famfo ta tsaya kan sabulu da tsadar gero.

Ki fito da ƙullin nan. Ki bari ya ci abincin rana, ki tura yara waje, ki fara da sa shi ya yi miki alkawarin ba zai taɓa Mutari ba, don yaron abin da aka zuba a gabansa ya kwasa. In kina tsoron zuciyarsa, ki kira wani dattijo daga mutanen garinku da yake jin nauyinsa ya zauna. Sa'an nan ya sayi goro ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Issoufou, ya yi godiyar ɗawainiyar yara, ya yi godiyar tsaraba, ya ce an samu jinkiri wajen isar da ita. Kada ya ƙara ko kalma, za su fahimci juna. Ki kuma gaya masa abin kunnen rediyo kawai yake rufe wa baki, nasa bakin shi zai rufe da kansa. Gaskiyar da yake faɗa ba za ta ruɓe ba don ya riƙe ta a ciki zuwa wani lokaci.

Kada ki hana yara yawo. A shekara irin wannan, wanda ya fitar da su daga tsakar gida ya nuna musu dorina ya ciyar da su, ba ƙaramin abu ya yi ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki goya ƙaramin ki bi su wata Lahadi da ɗan abin da ya samu a kwano, ki kama wa matarsa aiki, ki gani da idonki.

Babbar kuwa, ki sauke mata kayan da kika ɗora mata. Kina tsoron kada wani ya mai da 'ya'yanki kunnuwansa, amma a duk takardarki mutum ɗaya na ga ya sa yarinya leƙen asiri, ke ce. Ciwon cikin Lahadi daga nan yake. Ki gaya mata aikin ya ƙare, ta je ta yi wasa. Mutari kuma ki lallashe shi, ki koya masa a hankali cewa maganar gida a gida take kwana, ki ɗinka masa koriyar riga, ranar biki ki zauna a gaba ya gan ki kina tafa wa gawonki.

Kin tambaye ni ko mutumin nan ɗan rahoto ne. Ban sani ba, kuma mai yiwuwa ba za ki taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne yaran layinku duk sun ga wasan Mutari, kuma duk sun kai labari gida. Yau da magariba maigidanki zai sake shimfiɗa tabarmarsa ya kunna rediyo, shi kaɗai ne a layin nan bai san an ji shi ba. Kada ki bari rana ta faɗi bai sani ba.

Allah ya rufa muku asiri, ya raya miki zuri'a, ya ba mu ruwa mai albarka.

Taki,
Tanti Haoua